Idan Allah ya riga ya zaɓa, addu'ata ga yayana tana da amfani?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Samaru. A taron zumuntar ɗalibai wani ɗan'uwa ya koya mana cewa tun kafin a halicci duniya Allah ya zaɓi waɗanda zai ceta, ba ƙari ba ragi. Ranar Lahadi kuma fastonmu a Sabon Gari ya ce ceto yana hannunka, in ka so ka karɓa, in ka ƙi ka bari. Ina da yaya da ya daina zuwa majami'a, ya ce shi yanzu bai gaskata da kome ba. Wanne ne gaskiya? In ba ya cikin zaɓaɓɓu, ashe wahalar banza nake yi da azumi da addu'a?

Amsa: 'Yata, sannu da ɗawainiya. Kafin kome, kada ki daina addu'ar nan. Babu ɗaya daga cikin manyan malaman da suka yi wannan muhawara, na ko wane ɓangare, da zai ce miki ki daina.

Ɗan'uwan nan da fastonku kowa yana da ayoyin da ya dogara da su. Afisawa 1:4-5 ta ce Allah ya zaɓe mu cikin Almasihu tun ba a kafa duniya ba. A Yahaya 6:44 Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Ga kuma Romawa 9, mai batun Yakubu da Isuwa, wadda take da nauyi ƙwarai. A ɗaya gefen, 1 Timoti 2:4 ta ce Allah yana so dukan mutane su sami ceto, 2 Bitrus 3:9 ta ce ba ya so kowa ya hallaka, a Matiyu 23:37 kuma Yesu ya yi makoki a kan Urushalima, ya ce sau nawa ya so ya tattara 'ya'yanta, amma suka ƙi. Duk a littafi ɗaya suke. Mai wa'azin da ya karanta miki rabi ya rufe Littafi, bai ba ki hakkinki ba.

Gardamar ta tsufa, kuma a Afirka ta fara zafi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya yi ja-in-ja da wani malami ɗan Birtaniya mai suna Felajiyus. Felajiyus ya ce tun da Allah ya ba da umarni, to mutum yana da ƙarfin bin sa da kansa. Agustin ya ce zunubi ya ɗaure nufin mutum, har son tuba ma kyauta ce daga Allah. Taron shugabannin ikilisiya a birnin Kartej a 418 ya yi watsi da koyarwar Felajiyus. Bayan haka wasu suka nemi tsakiya, suka ce mutum ne yake fara takawa, sa'an nan alheri ya tarye shi. Taron Oranj na 529 a Faransa ya ƙi wannan ma, amma kuma ya la'anci cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta.

A nan nake so ki lura. Mu Hausawa mukan ce, “Allah ya ce tashi in taimake ka.” A kan noma da neman abinci magana ce mai kyau. A kan ceto kuwa, ita ce ainihin abin da aka ƙi a Oranj, domin Afisawa 2 ta kira mu matattu cikin zunubi, matacce kuma ba ya tashi don a taimake shi. Muna kuma cewa “ƙaddara ta riga fata,” mu naɗe hannu. Wannan ma Littafi Mai Tsarki bai koyar da shi a kan ran mutum ba. Da yawa daga abin da ake ji a majami'u da sunan ɓangarorin nan biyu, in an tona, karin maganar nan biyu ne aka sa wa rigar aya.

Saɓanin gaske ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi wuya. Jon Kalbin, malamin Furotesta na birnin Janiba, ya bi sawun Agustin. Yakubu Arminiyus, malami a jami'ar Laidin ta ƙasar Holan wanda ya saɓa wa koyarwar Kalbin a kan zaɓe, ya rasu a 1609, almajiransa suka gabatar da batutuwa biyar a 1610, taron masu bin Kalbin a birnin Dort na 1618 zuwa 1619 ya mayar musu da amsa. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne almajiran Arminiyus sun rubuta da hannunsu cewa mutum ba zai iya ba da gaskiya da ƙarfin kansa ba, sai alheri ya riga shi. Taron Dort kuma ya rubuta cewa a yi shelar alkawarin bishara ga dukan mutane ba tare da bambanci ba. To ina suka rabu? Shin Allah ya zaɓi mutum don ya riga ya ga zai ba da gaskiya, ko kuwa zaɓen ne ya haifar da bangaskiyar? Shin mutum zai iya ture alherin da ya zo masa har ƙarshe? Shin Almasihu ya mutu domin kowa da kowa ne daidai wa daida, ko da nufi na musamman ga zaɓaɓɓu? Shin wanda ya ba da gaskiya da gaske zai iya fāɗuwa ya ɓata?

Katolika ma sun sha tasu tsakanin ƙungiyoyin limamansu biyu, 'yan Dominikan da 'yan Jesuwit, har Fafaroma Bulus na biyar ya rufe zaman a 1607 ba tare da ya ba wani ɓangare gaskiya ba, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a.

Abin da kike ji a Zariya gādon wannan tarihi ne. Metodis da yawancin majami'un Fentikos suna kan hanyar Jon Wesli, jagoran farko na Metodis, wanda ya goyi bayan Arminiyus. 'Yan'uwanmu na majami'un CRCN da NKST sun gāji matsayin Dort. A Baftis da ECWA za ki sami masu wannan ra'ayi da masu wancan a benci ɗaya. Angilikan kuwa, irin su na Wusasa inda majami'ar Sen Batalomi take tun 1929, suna da batu na 17 cikin batutuwan bangaskiya 39. Ina ƙaunar wannan batu don ya san halin ɗan Adam. Ya ce koyarwar zaɓe ta'aziyya ce mai daɗi ga wanda yake ganin aikin Ruhu a cikinsa, amma ga mai bin diddigi da son tono, rami ne da Shaiɗan yake tura shi ciki, ko ya fid da zuciya ko ya saki jiki da zunubi. Sai ya rufe da cewa mu karɓi alkawaran Allah yadda aka shimfiɗa su ga kowa a cikin Littafi.

Kin tambayi wanne ne gaskiya, ba zan ɓoye miki matsayina ba. Na fi karkata ga Agustin. Ban taɓa jin mai bi ya durƙusa yana gode wa Allah don shi ya fi maƙwabcinsa hankali har ya tuba ba; a gwiwa kowa yakan ce, “Kai ne ka nemo ni.” Amma ban yarda a mai da 1 Timoti 2:4 kamar ba ta nufin abin da ta faɗa ba, kuma ban yarda a ce Allah yana tura mutum hallaka yadda yake jawo shi ga ceto ba. Wanda ya ɓata, da ƙinsa ya ɓata. Yadda waɗannan suke haɗuwa a wurin Allah, Maimaitawar Shari'a 29:29 ta ce asirai nasa ne, abin da aka bayyana shi ne namu.

Buɗe Ayyukan Manzanni 27. Bulus yana cikin jirgin ruwa zuwa Roma, hadari ya kama su, mala'ika ya gaya masa ba ran da zai salwanta. Magana ta yanke. Amma a dare na 14 matuƙan jirgin suka saukar da ƙaramin kwalekwale a ɓoye, suna yi kamar za su jefa anka, nufinsu su gudu. Bulus bai ce a bar su tun da Allah ya riga ya yi alkawari ba. Ya ce wa shugaban sojojin da ke tsaronsa da sojojinsa in mutanen nan ba su zauna a jirgi ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin kwalekwalen. Da gari ya kusa wayewa ya matsa musu su ci abinci don su sami ƙarfi. Dukansu 276 suka kai gaci, waɗansu da iyo, waɗansu a kan katakai. Allah da ya ƙaddara tsirar, ya ƙaddara ta ne ta hanyar gargaɗin Bulus da wuƙar soja da gurasar da suka ci.

Haka addu'arki take. Ba a ba ki jerin sunayen zaɓaɓɓu ba, ba a ba ɗan'uwan da ya koyar ba, ba a ba ni ba, saboda haka ba wanda yake da ikon cewa yayanki ba ya ciki. Bulus da ya rubuta Romawa 9, shi ne ya buɗe sura ta 10 da roƙon Allah ya ceci danginsa. Mahaifiyar Agustin ma, Monika, ta yi shekaru tana kuka a kan ɗanta kafin a yi masa baftisma a Milan a 387.

Abin da zan ƙara shi ne kada addu'a ta hana ki zuwa wurinsa. In kin sami hutu ki je, ki gaishe shi da ladabin ƙanwa, ki ci abinci tare da shi, kada ki buɗe muhawara. Ki tambaye shi a hankali me ya faru har ya bar majami'a, ki saurara har ya gama. Sau da yawa akwai wani abu da aka yi wa mutum wanda bai taɓa samun mai jin sa ba. In ya kawo tambayar da ta fi ƙarfinki, ki nemi izininsa ki haɗa shi da dattijon da yake girmamawa.