Wilin motata ya daki kankaren gefen titi, zan iya gyara shi a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, hankalina ba a kwance yake ba. Shekaran jiya da daddare ina kauce wa wani mai adaidaita sahu a shataletale, sai tayar gaba ta dama ta daki kankaren gefen titi. Corolla ce, mai wilin aloyi. Bakin wilin ya kwarzane, fenti ya tashi. Tun daga ranar iska take raguwa a hankali, kuma da na kai gudun 80 sai sitiyari ya kama rawa. Na ga bidiyon da ake goge irin wannan da samfefa a gida a fesa fenti. Wani mai faci kuma ya ce in kawo ya sa masa wuta ya buge shi ya miƙe, in da tsaga a yi walda. Mako mai zuwa zan kai iyali Kaduna daga Kano. Wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, yau ɗin nan ka cire wannan tayar ka ɗaura safaya. Kwarzane kaɗai ba ya zubar da iska, ba ya kuma kaɗa sitiyari. Waɗannan alamu biyu suna nuna wilin ya lanƙwashe ko ya tsage, kuma galibi ta leɓen ciki ne, inda ido ba ya kaiwa sai an kwance.

Ka kwantar da tayar a ƙasa da iskarta, ka zuba ruwan sabulu a zagayen da roba ta haɗu da wili, ciki da waje, ka ga inda kumfa zai taso. Ka shafa gefen tayar da tafin hannu. In ka ji ƙululu, zaren cikinta ya tsinke, ta tashi aiki, babu facin da zai cece ta. Sannan a zare tayar, a wanke wilin tas, a ɗora shi a injin balansin a juya kana tsaye kana kallo. Mai lanƙwasa ba ya ɓuya a nan.

Yanzu maganar wuta da guduma. Kusan kullum sai an kawo mana wilin da aka yi wa wannan aika-aika, kuma abin yana ci mini rai. Mai facin da ya ba ka shawarar a kan wilin ƙarfe ya koyi aikinsa. Wilin ƙarfe yana jure duka, ka buge shi ya dawo. Aloyi kuwa zubi ne na alminiyam da aka gauraya da silikon da ɗan magniziyam, aka gasa shi a masana'anta da zafi mai ƙa'ida, gashin ƙarshe wajen digiri 150 zuwa 170 na tsawon sa'o'i. Daga wannan gashin ƙarfinsa ya fito. Harshen wutar mai walda da gas ya haura digiri 3,000, alhali alminiyam yana narkewa a 660. Kuma ba ya yin ja kamar ƙarfe balle a gane zafi ya isa. Mutum yana riƙe da wuta yana jiran launi ya canza, shi kuwa wurin ya riga ya yi laushi, kuma hucewa ba ta dawo masa da ƙarfinsa. In aka buge shi a sanyi, sai ya yi ƙananan tsagogi siraran da ba ka gani. A shafe da fila, wato abin cike rami, a fesa fenti mai sheƙi, a miƙo maka ka yi godiya, kana yi wa rogo kallon kitse.

Sai ka ji ana cewa ai wane ya yi, ga shi yana hawa shekara da shekaru. A cikin gari yake hawa, da gudun 40. Kai kuwa hanyar Zariya za ka bi da mota cike da mutane da kaya, kwalta ta ɗau zafi, ga ramuka. Rami ɗaya ya isa ya buɗe tsagar, iska ta fice gaba ɗaya, kuma tayar gaba ce. Littafin da Toyota ke haɗowa da mota ya faɗa ƙarara cewa ba su yarda a yi amfani da wilin da ya lanƙwashe aka miƙar ba. Wanda ya ƙera motar ya hana, wanda ba shi da ko ma'aunin zafi ya ce ba komai. Jama'a, mu ji tsoron Allah. Duk mai sana'ar da ya rufe tsaga da fenti ya karɓi kuɗi, ran mutanen cikin motar nan yana wuyansa. Haka masu cusa tub a cikin tayar tubles don a daina ganin zubar iska, ɓoye ciwon kawai suka yi. Mafi muni shi ne a sa wa wili wuta da taya a jikinsa. Zafin yana dafa robar ta ciki, ta fitar da gas, ta fashe ko da an sace iskar, kuma hakan ya kashe masu aiki.

Lanƙwasa 'yar kaɗan a leɓe, akwai masu injin matsi da ma'auni da ke miƙar da ita a hankali. Amma tsaga a ƙafafun wili ko kusa da ramin noti, sai canji. Sabo ya fi. In aljihu bai kai ba ka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano neman na hannu, ka duba lambobin da ke bayan wilinka, girma da faɗi da lambar ET (mai nuna yadda wilin ke shigewa ciki ko fitowa waje a jikin mota) da tazarar ramukan noti, su zo daidai. Ka juya bayansa ka nemi tabon walda, kuma ka yi hattara da wanda aka yi wa sabon fenti.

Idan bincike ya nuna wilin lafiya lau yake, zubar iskar daga tayar ce ko bawul, to kwarzanen aikin gida ne. Ka wanke, ka rufe taya da bawul da takarda da salatif. Ka fara da samfefa mai lamba 240 ka kwantar da kaifin, ka cike rami da filar ƙarfe, ta bushe, ka bi da 400 sannan 600 da ruwa. Firaima ta alminiyam, fenti siriri sau biyu ko uku, sai kiliya, wato fenti marar launi mai kare na ƙasa, a sama, a inuwa inda babu ƙura. Kada ka kusanto da giranda, kada kuma ka ci naman wurin da taya ke zama. Wilin mai fuskar sheƙi da aka yanka da inji ba zai koma yadda yake da hannu ba.

Kafin tafiyar a duba tayarod da boljoyin, ƙarafan da ke haɗa ƙafar mota da sitiyari da jikinta, na wannan ɓangaren, a yi alaimen da balansin, a ɗaure notin da ma'auni a kan ƙarfin ɗauri 103 Nm, sannan ka sake gwada su bayan ka yi kamar kilomita 50. Allah ya kai ku lafiya.