Takunkumin fuska da yara masu ciwon suga: Likita ya amsa tambayoyinku

Likita, ɗana mai shekara 9 yana da ciwon suga, kullum sai an yi masa allurar insulin. Da hunturu ya shigo na fara sa masa takunkumi saboda ƙura da mura, sai kakarsa ta ce iskar da ya fitar yake sake shaƙa, wai sugansa zai hau. Gaskiya ne? (Wata uwa daga Zariya)

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ki kuma kwantar wa kakarsa da nata. Iskar da muke shaƙa da wadda muke fitarwa suna ratsa takunkumi ba tare da wata tangarɗa ba, domin ƙwayoyinsu sun fi kafofin yadin ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ke ɗaga sugan yaro shi ne ƙarancin insulin, ko abinci, ko rashin lafiya. Mura da zazzaɓi suna sa jiki ya saki sinadaran da ke hana insulin aiki yadda ya kamata, don haka duk abin da zai rage masa kamuwa da su alheri ne gare shi. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka bayar a 2020, lokacin annobar korona, ita ce kada a tilasta wa ɗan shekara 5 zuwa ƙasa sa takunkumi, masu 6 zuwa 11 kuma su sa idan akwai buƙata, babba na lura da su. Ya riƙa cirewa lokacin wasan guje-guje, kuma ki riƙa tuna masa shan ruwa, don yara kan manta idan baki na rufe.

Ni malamin firamare ne. A ajina akwai yarinya mai ciwon suga da ke wuni da takunkumi. Me ya kamata in lura da shi? (Wani malami daga Maraɗi)

Malam, Allah ya saka da alheri, tambayarka ta taɓo inda damuwata take. Takunkumi ba ya taɓa suga, amma yana ɓoye fuskar da muke karanta halin yaro a kanta.

Idan suga ya faɗi, fuska kan ɗashe, gumi ya tsattsafo, leɓe ya yi rawa. Duk wannan yana ƙarƙashin ƙyalle. Sai ka koma kallon abin da ya rage a fili: rawar hannu, gumi a goshi, hamma, fushi ko kuka babu dalili, ko ka yi mata tambaya ta tsaya tana kallonka. Da ka ga haka, cire takunkumin. In akwai na'urar awo a auna. Ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urar da ke ƙirga da mmol, suga ya yi ƙasa. In babu na'ura kada ka jira. Jiƙa suga ƙaramin cokali uku a ruwa ka ba ta, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi, bayan minti 15 a sake dubawa. Idan ta suma, kada a ɗura mata komai a baki. A kwantar da ita a gefenta, a garzaya asibiti.

Ɗaya haɗarin ya fi yaudara. Idan insulin ya yi ƙaranci sosai, jini kan yi tsami, yaro ya fara numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na ƙamshi kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna sosai, ga amai da ciwon ciki da ƙishirwa. Takunkumi na tare wannan ƙamshin, kuma mutane sai su ce ai shi ne ya toshe mata numfashi. In an cire shi numfashin bai daidaita ba cikin 'yan mintoci, ka kira iyayenta a kai ta asibiti nan take, domin wannan yana kisa.

'Yata ta fito da ƙuraje a haɓa da bayan kunne. In daina sa mata takunkumi? (Wani mahaifi daga Kumasi)

Gumi da gugar igiya ne ke jawo su. A nemo mai laushi na auduga, a wanke shi kullum da sabulu, a canza shi da zarar ya jiƙe, a shafa ɗan man Vaseline a bayan kunne. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura ko yana fitar da mugunya, a kai ta a duba, kada a matse, saboda miki na jinkirin warkewa idan suga yana sama. Ku kuma duba awonta na 'yan kwanakin nan ku tafi da shi wurin likitanta.