Tambaya da Amsa: Daga Dalar Gyaɗa Zuwa Kwantenar Riɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sarin riɗi a kasuwar Dawanau, dillalan masu fitar da kaya waje nake sayar wa. Me ya sa ake rububin riɗi haka yanzu, kuma yaya zan yi in fitar da nawa da kaina? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin man fetur, gyaɗa da auduga da koko da manja da fatu ne ke kawo wa Najeriya kuɗin waje. An fara fitar da ɗanyen mai a 1958, kuma zuwa tsakiyar shekarun 1970 shi ke kawo fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin. Dalar gyaɗa ta ɓace, muka koma shigo da alkama da shinkafa da kifi, har da tataccen fetur.

Yanzu abin ya fara juyawa. Matatar Dangote ta fara samar da fetur a Satumban 2024, shigo da shi ya ragu. Tun Yunin 2023 da aka bar kasuwa ta yanke wa naira farashi, dala ta yi tsada: mai shigo da kaya na ji a jikinsa, mai fitarwa kuwa kakarsa ta yanke saƙa. Ga Japan da Sin da Turkiyya na neman riɗi. Rububin ke nan.

Takardu ba su ne babbar wahala ba. Ka yi wa kamfaninka rajista a hukumar rajistar kamfanoni (CAC), ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kaya waje (NEPC), ka cike fom ɗin bayanin kayan da za ka fitar da kuɗinsu (NXP) ta bankinka, ka biya harajin duba kaya na rabin kashi ɗaya cikin 100 na darajarsu, sannan hukumar duba lafiyar amfanin gona (NAQS) ta ba ka takardar lafiyar amfanin gona. Kuɗin cinikin kuma dole su dawo asusunka na dala cikin kwana 180.

Inda ake yin asara shi ne wajen shanya da ajiya, kuma nan muke roƙonka ka sa ido. Masu saye kan nemi danshi kada ya wuce kashi 6 zuwa 7, tsabta kuma kashi 98 zuwa sama. Riɗin da aka baza a gefen kwalta, kaji da awaki na bi ta kansa, shi ke kwasar tsakuwa da ƙwayar cutar salmonela daga kashin tsuntsaye, kuma gwaji ɗaya a ƙasar mai saye ya isa a ƙi kwantena sukutum. A shanya a kan tamfol, a tankaɗe da inji, a zuba a sababbin buhuna, ba na taki ba, a jera su kan katako nesa da bango. Kada a kusantar da maganin ƙwari na fiya-fiya wurin. Sinadarin da ke cikinta ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, manoman da ba su ji ba su gani ba suka kwana a ciki.

Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin tan 19, wato buhu 380 masu kilo 50. In jarinka bai kai ba, ku haɗa kai ku biyu ko uku. Kafin lodi ka kai samfur ɗakin gwaji, kuma kada ka saki takardar lodin jirgi sai kuɗi sun shigo ko bankin mai saye ya ba da wasiƙar lamuni.