Ga ɗan'uwanmu tsohon mai kambun ƙasa da aka yi wa tayin wasa a waje

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, sau biyu na karanta tambayarka kafin na iya amsawa, domin ciwon da kake faɗa ba baƙo ba ne a wannan zaure, kuma na san zafinsa. Ka ce ka riƙe kambun ƙasa na damben zamani a ajin kilo 66.7, ka kare shi sau ɗaya aka karɓe, yau wata 16 rabonka da hawa dandali, shekararka 33, ga iyali ga bashi. Yanzu wani dillali ya kira ka da tayin turmi takwas a ƙasar waje nan da kwana 12, za a ba ka dala 2,000. Kana tambaya ka je ko kar ka je.

Kar ka je wannan. Ban ce ka ajiye safar hannu ba, wannan tafiyar ce nake roƙonka don Allah ka bari.

Fara da sikeli, tunda kai da bakinka ka ce ya nuna maka 75. Ana awo kwana ɗaya kafin wasa, ke nan kwana 11 gare ka ka zubar da kilo takwas da 'yan kai. Kitsen da jiki ke iya saki ba tare da ƙarfi ya tafi ba bai wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ba. Sauran duk ruwa za ka matse: rigar leda, gudu cikin rana, zama a ɗakin tururi, tofar da yawu cikin gora, kwana biyu ba ka haɗiyi komai ba. Wasu har ƙwayar sa fitsari suke sha, ita kuma haramtacciya ce a wasanni, in gwaji ya kama ka dakatarwa ce. Ranar awo za ka hau sikeli leɓe a bushe, ido ya faɗa, fitsari ja kamar shayi. Za ka kwana kana ɗura ruwa, nauyi ya dawo, ka ji kamar ka warware, amma jiki ba ya gama farfaɗowa cikin awa 24. Daga turmi na uku ko na huɗu ƙafa za ta fara yi maka nauyi, hannu ya sauka daga haɓa, naushin da da can kake shanyewa ka yi dariya ya zama shi ne zai zaunar da kai. In kuwa ba ka cika nauyin ba, ko a yanke maka kuɗi, ko a soke wasan gaba ɗaya, ka tsinci kanka a garin mutane ba ko sisi. A daidai wannan lokacin ne mutum yake karɓar duk abin da aka miƙo masa.

Duk wanda ke cikin harkar nan bai manta da Segun Olanrewaju ba. Tsohon zakaran Najeriya ne kuma na Afirka ta Yamma a ajin kilo 79.4, shekararsa 40. Ranar 29 ga Maris 2025 ya yanke jiki ya faɗi a turmi na uku a filin dambe na Bukom da ke Accra, aka garzaya da shi asibiti, a can aka tabbatar da rasuwarsa. Rahotannin lokacin sun nuna an soke karawar da ya je yi tun farko a kan batun nauyi, sai ya karɓi wata washegari. Ba na kawo shi don in tsorata ka ba. Na kawo shi ne don mutumin da ya ɗaga ɗamara irin taka ne, kuma matsin da ya sa shi hawa dandalin nan kowa a cikinmu ya san irinsa.

Shi kuwa dillalin nan, bari in faɗa maka abin da yake sayarwa. Ba hannunka yake sayarwa ba, sunanka ne. A can akwai wani yaro ɗan shekara 23 ko 24 da ya yi wasa goma bai faɗi ba, masu gidansa sun zuba masa kuɗi, suna neman wanda za a rubuta "tsohon zakaran Najeriya" a ƙarƙashin hotonsa a fasta, amma wanda ba zai iya ɓata musu lissafi ba. Sai su buɗe BoxRec, shafin intanet da ke ajiye tarihin wasannin 'yan dambe, su duba: ya taɓa riƙe kambu, ya haura talatin, ya fi shekara bai yi wasa ba. Shi ke nan an samu. Shi yaron ya san ranar wasan tun wata biyu da suka wuce, yana sansani, yana cin abinci a kan ƙa'ida. Kai kuma da gangan ba a kira ka ba sai da ya rage kwana 12. Kar ka ɗauka wani ne ya janye aka tuna da kai don ƙauna, ko da hakan aka gaya maka. Irin waɗannan mutane baki gare su kamar zuma. "Zakara, kai ne na fara tunawa." "Yaron ba shi da ƙarfi, turmi biyu ka gama da shi." "Daga nan sai babban kambu." Su ne za su ce ba sai an sa hannu a takarda ba, ai mu 'yan'uwa ne. Su ne za su sayi tikitin zuwa su ce na dawowa yana can. Su ne za su karɓi fasfo a filin jirgi wai don kar ya ɓace. Su ne za su ce ba kuɗin jirgin koci, a can za a ba ka mai tsaya maka a kusurwa, mutumin da bai san sunanka ba, ba ya jin yarenka, ba ruwansa ko an fasa maka gira. An gama wasa, fuska a kumbure, ka nemi mutum a otal, sai a ce ya fita, kuɗi sai an turo daga baya. Ka dawo gida, waya ta daina shiga. Bayan wata huɗu shi ɗin dai zai sake kira da murya mai daɗi kamar ba abin da ya faru, da farashin da bai kai na farko ba, tunda yanzu akwai ƙarin faɗuwa a takardarka. Wallahi wannan shi ya fi ci mini rai, rashin kunyar sake kiran. Sun san yunwa za ta sa a ɗauka.

Yi lissafin dala 2,000 ɗin ma. In kana da manaja, kasonsa yakan kai kashi ɗaya cikin uku, kusan 667 ke nan. Koci kashi goma cikin ɗari, 200. Dillali zai cire nasa, in ma bai riga ya cire daga sama ba kafin ya faɗa maka adadin. Ga gwajin asibiti, ga biza, ga sabunta lasisi. Da wuya dubu ɗaya ta iso aljihunka. In aka tsayar da wasa a kanka, yawancin hukumomi kwana 30 suke dakatar da mutum, in dukan sumewa ne kwana 60 ko fiye, ba ko atisayen naushi. A gidan mutum kuwa, wasan da ya yi kankankan kar ka sa rai alƙalai uku na gefe su ba ka.

Na san wani zai ce ai Dick Tiger, shahararren ɗan damben nan na Najeriya, shi ma haka ya fara. Gaskiya ne ya je Liverpool a 1955 ya faɗi wasanni huɗu na farko a Ingila, kuma a 1957 an kawo shi ne a matsayin tsani ga matashin ɗan damben Ingila Terry Downes, sai ya ba kowa mamaki ya tsayar da shi. A 1958 ya karɓi kambun ƙasashen renon Ingila daga Pat McAteer, a 1962 ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya, a Agustan 1963 ya sake doke shi a filin Liberty na Ibadan. To amma lokacin da ya kara da Downes, shekarar Tiger 27, a Ingila yake zaune, wasa yake yi a kai a kai, jikinsa a ɗaure. Bai sauko daga jirgi da kilo takwas a wuya ba. Kuma ka dubi ƙarshen ma: mutumin da ya riƙe kambun duniya a aji biyu, yaƙin basasa ya cinye abin da ya tara, sai da ya yi gadi a gidan tarihi a New York, ya rasu a 1971 yana da shekara 42. Hogan Bassey kuwa, shi ma ɗan damben Najeriya, hawa-hawa ya bi: kambun gida, na ƙasashen renon Ingila a 1955, na duniya a Paris a 1957 a kan Cherif Hamia. Da Davey Moore ya doke shi sau biyu a 1959 ya ajiye yana da shekara 27, ya dawo gida ya zama koci.

Abin da ke wahalar da mu 'yan Arewa, da yawanmu da tunanin damben gargajiya muka shigo. A can in an yi maka kisa yau, mako mai zuwa ka ɗaure hannu ka rama, makaɗi ya wasa ka, an manta. A damben zamani ba a mantuwa. Kowace faɗuwa tana rubuce har abada, da ita ake yi maka farashi. Ga kuma nisa, yawancin wasannin lasisi a Legas ake yin su, wanda ke Kano ko Kaduna sai ya shekara ba a tuna da shi ba. Wannan ma wani ciwon ne da ya kamata mu zauna a kansa wata rana.

In har zuciyarka na nan, asibiti za ka fara zuwa kafin ka taɓa buhu. Hoton ƙwaƙwalwa, awon zuciya, gwajin jini na ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, sannan likitan ido ya ɗiga maka magani ya leƙa bayan idon. Kar ka raina na ido. In kana ganin walƙiya ko wasu baƙaƙen ɗigo suna yawo, fatar bayan ido ce ke iya ɓallewa, naushi ɗaya ya isa ya rufe shi. Kar kuma ka yarda da takardar lafiyar da ake sa wa hannu ba a duba mutum ba, kanka za ka cuta. Ka tambayi mai ɗakinka tsakani da Allah ko ta lura harshenka na nauyi, ko kana yawan mantuwa, ko fushi na zuwa maka ba dalili. Ita za ta riga likita gani.

In komai lafiya, ka bar ajin 66.7, jikin ɗan shekara 33 ba na 25 ba ne. Hau 69.9, kilo biyar a mako takwas abu ne mai yiwuwa da rage tuwo da lemon kwalba kawai. Makonni biyun farko gudu da igiya da buhu, ba naushi da kowa. Daga na uku ka fara gwada hannu sau biyu a mako da hular kariya da manyan safar hannu, turmi huɗu, ka riƙa ƙarawa har takwas, ka tsaya kamar kwana goma kafin wasa don kar gira ta tsage. Ka nemi turmi shida a gida, ko kuɗin bai taka kara ya karya ba, don tsatsa ta fita kuma a ga sunanka ya motsa. Biyu ko uku irin wannan, sai ka nemi kambun ƙasa a sabon ajin, daga nan na Afirka ta Yamma, sannan na ABU, wato ƙungiyar dambe ta Afirka. A lokacin in an kira ka waje, da mako shida za a kira ka, kuma kai ma kana da bakin faɗin farashi.

Duk ranar da za ka fita kuwa, takardar izini daga NBBofC, hukumar kula da damben zamani ta Najeriya, a hannu, ba alkawarin za a turo ba. Kwantiragi a rubuce cikin harshen da kake karantawa, da sunan abokin karawa, nauyi, yawan turmi, kuɗi da irin kuɗin, ranar biya, tikitin zuwa da dawowa naka da na kocinka, masauki da abinci, abin da za a ba ka in an soke wasa ba laifinka ba, da wanda zai biya asibiti in an ji ciwo. Ka tambaya ko akwai likita da motar asibiti a bakin dandali. Fasfo kuma a aljihunka zai kwana.

Batun bashi na san shi ne ainihin abin, ba dambe ba. Kambunka na da daraja a unguwa fiye da yadda kake zato. Tara yara da asuba da masu son rage tumbi da yamma ka riƙa horar da su a kan kuɗin wata, ba zai biya bashin yau ba amma zai hana wayar dillali yi maka kwarjini. Ka guji zama abokin atisayen haya ga manyan aji, dukan da ake sha a nan ba ya shiga takarda amma yana shiga kai.

Ka turo mana ainihin abin da sikeli ya nuna gobe da asuba kafin ka sha ruwa, da yadda wasanka na ƙarshe ya ƙare, da maki ne ko tsayarwa aka yi. Sunan yaron da ake so ka kara da shi ma ka matsa wa dillalin ya faɗa maka, mu duba tarihinsa tare.