Eriya da tashoshin kyauta: amsar tambayoyinku

Tambaya: Salam Malam. Na sayi eriya a Sabon Gari mai shagon ya ce min wai dijital ce zata kamo tasha sama da ɗari kyauta, na zo gida na ɗaura ta a kan gora na yi ta juyi har magariba ko ɗaya ban samu ba. Tibin tawa gwanjo ce, wai daga Amurka aka kawo ta. Ina Kurna.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya mai shagon nan ya cika baki, babu wata eriya da ake ce wa dijital, ƙarfe ne kawai mai tsinto siginal a iska, tsohuwar eriyar UHF irin mai haƙarƙarin nan ma ta isa. Matsalarka tana cikin tibin. Mu nan Najeriya tsarin watsa tashoshin dijital mai suna DVB-T2 ake amfani da shi, su kuwa Amurka ATSC suke yi, to tibin can ko saman Dala ka kai eriyar ba zata gane yaren ba. Har wasu tsofaffin tibin Turai ma DVB-T ce zalla a cikinsu babu 2 ɗin, su ma haka. Ka leƙa bayan tibin ko takardarta ka nemi rubutun DVB-T2, in babu kar ka sayar da ita, dikoda mai T2 zaka nema ka haɗa ta wayar HDMI ko AV.

Sai dai ka san wani abu. Shirin gwamnati na FreeTV da aka fara a Jos a 2016 ya iso Kano a Nuwamban 2021, a lokacin akwatinsa daban ne kuma akwai ɗan kuɗin shekara da ake biya, StarTimes da GOtv su ma ta eriya suke zuwa amma a kulle suke sai da kuɗin wata. Shi yasa zaka yi sikanin (neman tashoshi) ka ga sunaye reras, ka danna ka ga baƙi. Ka sa mai shago ya kunna maka dikodar a gabanka ka ga me take buɗewa kafin ka miƙa kuɗi. Tasha ɗari kyauta kuwa zancen dish ne.

Tambaya: Malam tamu tana kamawa amma hoton sai ya riƙa tsayawa yana ɓarkewa kamar an yayyanka, musamman da damina. Daga Ɗorayi, uwar gida ce.

Amsa: Hajiya ai halin dijital kenan, da can in siginal ya yi rauni yayyafi ake gani a ci gaba da kallo, yanzu ko dai fes ko ya daskare. Ki sa yaro ya shiga Menu wurin da ake nuna Strength da Quality, Quality ɗin za ki kalla, wani ya hau ya riƙa juya eriyar sannu sannu har ya kai inda ya fi cika sannan a ɗaure tamau. A ɗaga ta sama da kwanon rufi, eriyar ɗaki a ƙarƙashin kwano wahala ce kawai. Tunda kin ce damina, ina zargin ruwa ne ya shiga bakin wayar, a yanke wurin da ya yi tsatsa a sake haɗawa a naɗe da salatif, in wayar siririya ce mai araha a canza da mai kauri da ake kira RG6. Busta (na'urar ƙara ƙarfin siginal) kuma kar ki yi saurin saya, a cikin gari sau da yawa ƙara rikita abin take yi. Kuma don Allah a nisanta goran daga wayar NEPA, kar kowa ya hau in hadari ya haɗo.