Wane tsibiri ya fi dacewa a ziyarta a Cape Verde?

Malam, ka ce mako guda gare ka, kana neman tsibirin da za ka fara da shi cikin goman nan da ke yammacin gaɓar Senegal. Ni dai Fogo zan ce maka.

A can dutse mai aman wuta na Pico do Fogo yake, tsayinsa mita 2,829, kuma har yanzu da ransa. Aman wutar da ya yi a 2014 ya binne ƙauyukan Portela da Bangaeira, amma mutanen suka dawo suka sake gini a kan sandararren baƙin dutsen, suna noman inabi a cikin tokar. Wannan juriya tasu ta fi komai burge ni. Ana fara hawa da asuba tare da ɗan jagora, sai ka tanadi takalmi mai ƙwari.

In kore shar kake so, ka shiga jirgin ruwa daga birnin Mindelo da ke tsibirin São Vicente zuwa tsibirin Santo Antão, kwarin Paul cike yake da gonakin rake. Tsibirin Sal kuwa rairayi ne da tafkin gishiri.

Ka kiyayi lokacin hunturu: hazon da muka sani a arewa yana kaiwa can, har yakan tsayar da jiragen sama.