Kafin ka ɗora guduma a katangar waje

Ka ce don me na hana ku fasa katangar gaban gidan Alhaji, alhali gidansa ne, kuɗinsa ne, shago biyu kawai yake so a fitar masa. To ajiye cebur ɗin nan, Sani, ka zo ka ji.

Gidansa ne, ba musu. Da tayil zai canza a falo, ko fenti, ko sabon filasta, ba mai tambayarmu. Amma da zarar aiki ya taɓa fuskar gida, to ya shiga haƙƙin titi da na maƙwabci da na hukuma. Tun 1978 doka ta danƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, kuma takardar mallakar da Alhaji ke riƙe da ita ta faɗi abin da aka ba shi filin ya yi, wato gidan zama. Mai da wani sashe shago canza manufa ne, dokar tsara birane ta 1992 kuwa ta ce irin wannan sai da izini. Hukumar tsara birane ta jiha ce ke bayarwa: a nan Kano KNUPDA, a Kaduna KASUPDA. Zai kai musu takardar fili da zanen ginin da yake so, in bene ne har da lissafin injiniya na rodi da dakin, wato rufin kankare.

Abin da ya fi tsaya mini ma ba takardar ba ce. Ka duba inda ya nuna mana da ƙafarsa. Ya wuce dutsen iyakarsa, yana so dakalin shagon da rumfarsa su hau kan lambatu. Yanzu rani ne, lambatun a bushe yake, kowa gani yake fili ne aka bari a banza. Bari Agusta ta zo. Ruwan da ya rasa hanya gidan na ƙasa zai shiga, shi kuma ba hukuma zai fara nufa ba, wurin mai unguwa zai je, kuma sunan maginin da ya zuba simintin za a fara kira. Haka taga: in ka buɗe ta a sama tana leƙa tsakar gidan mutum, inda iyalinsa ke girki da wanki, ko da hatimi goma a zanenka ba za a zauna lafiya ba. Indararo ma kada ka juya bakinsa bangon wani.

In aka yi ba izini, ka san jan fentin nan da kake gani a bangaye. Da farko a sa alama a ce a dakata, in aka yi kunnen ƙashi sai rusau. Ranar nan mai gida zai ce ai kai ne ka san aiki, don me ba ka gaya masa ba? Cikon kuɗinka ya maƙale, leburori kuma kai suka sani, ba shi ba.

Wasu za su ce maka "ai kowa a layin nan haka ya yi". Gaskiya ne, da yawa sun yi, amma ka tambaye su ko suna barci in aka ce za a faɗaɗa titi.

Don haka gobe ku ci gaba da aikin bayan gida da sokawe. Katangar gaba kuwa kada wanda ya taɓa ta sai Alhaji ya kawo zane mai hatimi, na auna da tef da hannuna daga dutsen iyaka.